Yadda ake gina jirgin sama mai sauka a ruwa da tudu daga zane, da yadda ake tashi da shi

Wanda ya sayi zanen irin wannan jirgi, abin da zai iso hannunsa takardu ne a nannaɗe, sai ɗan littafin bayani da lambar da mai ƙirar ya ba shi. Babu katako, babu noti, babu inji. Kowane yanki shi zai nemo, ya auna, ya yanka, ya manna. Kuma abu biyu zai haɗa a jiki ɗaya: jirgin sama, wanda ba ya son nauyi ko kaɗan, da kwale-kwale, wanda sai da kauri da ƙwari domin ruwa dukansa zai riƙa yi. Duk shawarar da za ka yanke a shekarun aikin, tsakanin waɗannan buƙatu biyu take. In ka biye wa kwale-kwalen ka yi ta ƙara katako da gam, za ka gama da jirgin da ke gudu a kan ruwa amma ya ƙi rabuwa da shi.

Da farko, zaɓi ƙirar da wasu suka riga suka tashi da ita

Ƙirarrakin da aka fi sani duk daga Amurka suka fito, kuma sun daɗe. Volmer Jensen ya tashi da VJ-22 Sportsman a ƙarshen 1958. Jikinsa katako ne, mutum biyu ke zama kafaɗa da kafaɗa, injin yana bisa wata hasumiya a saman fiffike yana tura iska baya, kuma fukafukansa na jirgin Aeronca ne aka aro. Da kaya da mai da mutane nauyinsa kusan kilo 680 ne, gudunsa na tafiya mil 85 a awa. Earl Anderson ya fito da Kingfisher a 1969, shi kuma da fukafukan Piper Cub da farfela mai ja daga gaba. A shekarar dai Molt Taylor ya tashi da Coot, wanda gindin fukafukansa ke kusa da ruwa har su ne ke riƙe shi kada ya karkata. Percival Spencer, wanda ya ƙirƙiro jirgin Seabee mai sauka a ruwa da tudu, ya yi Air Car mai ɗaukar mutum huɗu. Sai Osprey 2 na George Pereira, na 1973, mai injin Lycoming na ƙarfin doki 150 da tayoyi uku masu naɗewa, wanda ya fi jirgin Volmer gudu nesa ba kusa ba.

A ganina mai ginin farko ya fi dacewa da mai tafiyar hankali irin Volmer. Dogon fiffike yana sauka a sannu, kuma a kan ruwa duk saurin da ka rage alheri ne. Osprey ya fi kyan gani, amma aikinsa ya fi yawa, kuma ba ya yafe wa sabon hannu kamar wancan.

Kafin ka biya kuɗin zane, nemi waɗanda suka gina irinsa ka ji ta bakinsu. Tsofaffin zane-zane suna da kurakurai da wuraren da mai ƙirar ya ɗauka kowa ya sani, magina ne ke riƙe da gyararrakin. Tambayi nauyin da jiragensu suka fito da shi ba tare da kaya ba, ka kwatanta da na takarda. Wannan tambayar ita za ta gaya maka ko za ka iya ɗaukar abokin tafiya da cikakken tanki a rana mai zafi. Wani abu kuma: awon zanen da inci yake. Kada ka tsaya juya shi zuwa milimita, sayi tef da rula na inci ka saba da su.

Hukuma, da koyon tuƙi

Je wa hukumar sufurin sama ta ƙasarka tun ba ka yanka katako ko ɗaya ba, domin dokokin sun bambanta. A Amurka hukumar FAA tana rajistar irin wannan jirgi a rukunin gwaji na ginin gida, bisa sharaɗin cewa masu sha'awa ne suka yi mafi yawan aikin don ilimi ko nishaɗi, abin da magina ke kira dokar kashi 51. Ba a haya da shi. A Birtaniya ƙungiyar LAA ce ke sa ido, kuma sufetonta yana duba aiki mataki-mataki. A Kanada ma sai an duba sassa kafin ka rufe su. Ko ina kake, buɗe littafin gini daga ranar farko: kwanan wata, aikin da ka yi, hotuna da kai a ciki, rasiɗin katako da gam. Ƙungiyar EAA ta masu gina jirgi a gida, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953, tana da masu ba magina shawara kyauta, kuma idon wanda ya taɓa yi ya fi littafi goma.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Samu lasisin tuƙi, ka ƙara da izinin sauka a ruwa, tun ginin bai yi nisa ba. In da hali koya a jirgin da cikinsa ne ke zama a ruwa, kamar Lake ko SeaRey, domin halinsa daban yake da na jirgin da aka ɗora kan tuluna biyu. Za ka koma wurin aiki da fahimtar dalilin kowane layi da ke ƙasan jirginka.

Katako da gam

Tebur za ka fara ginawa, dogo kamar jikin jirgin, shimfiɗaɗɗe daidai da ma'aunin ruwa, da layin tsakiya a zane a kai. Duk karkatar da ke teburin za ta shiga jirgin ta zauna.

Katakon da aka saba da shi shi ne na itacen Sitka, saboda ƙarfinsa idan aka gwada da rashin nauyinsa. Ba kowane falle ne ke shiga jirgi ba. Ƙa'idar da magina ke bi ita ce zaren katakon kada ya karkace fiye da inci 1 a cikin inci 15, zoben shekara kada su gaza 6 a kowane inci, danshinsa ya tsaya tsakanin kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari. Jujjuya kowane sanda a gaban fitila. In ka ga wasu siraran layuka sun gitta zaren kamar tamoji, katakon ya taɓa murƙushewa tun yana itace ko wajen sara, kuma zai karye ba gargaɗi. Jefar da shi, komai tsadarsa. Filawud kuma na jirgin sama za ka saya, ko na kwale-kwale mai lambar inganci idan zanen ya yarda. Na kasuwar gini yana da ramuka a ciki da gam da ba ya jure ruwa.

Gam iri biyu aka fi amfani da su. Risosinol, mai launin jini, ba ya tsoron ruwa ko zafi, amma sai katakan sun haɗu cif babu giɓi, a matse su sosai, ɗakin kuma ya kai digiri 21 a ma'aunin Selsiyas. Ifoksi, irin T-88 da ake haɗawa rabi da rabi, yana cike ƙananan giɓi kuma ba ya son matsi mai yawa, in ka matse fiye da kima sai ka tatse shi daga mahaɗin. Laifinsa shi ne yana laushi da zafi, shi ya sa ake yi wa irin waɗannan jirage farin fenti. Sa safar hannu kullum, domin jikin da ya fara ƙaiƙayi da ifoksi ba ya dainawa.

Duk kwaɓin da ka yi, manna guntaye biyu da ragowarsa, ka rubuta kwanan wata da sunan sashen da ka yi da shi. Bayan ya bushe ka fasa da guduma. Katakon ne ya kamata ya tsage. In layin gam ne ya rabu fes, duk abin da ka manna da wannan kwaɓin abin tuhuma ne. Inda za a haɗa tsawon katako biyu, fiƙe bakinsu ake yi a kwance su hau juna: 1 cikin 12 ga filawud, 1 cikin 15 ga ƙashin fiffike. Yi atisaye da tarkace har hannunka ya faɗa.

Fara da jela. Ƙarama ce, in ta lalace asarar kaɗan ce.

Jikin jirgin, inda aikin yake

Za ka yanka bangayen ciki bisa zane, ka jera su a tebur, ka haɗa da dogayen sanduna, sannan ka lulluɓe da filawud. Yawanci a kife ake aikin ƙasan. Auna kusurwa zuwa kusurwa bayan kowane bango, ka ja zare daga hanci zuwa jela.

A ƙasan akwai wani yanke kamar matakala guda, ɗan baya kaɗan da tsakiyar nauyin jirgin. Kada ka taɓa wurinsa ko zurfinsa. Ruwa yana manne wa lanƙwasasshen ciki yana tsotsarsa ƙasa, matakalar ce ke shigar da iska ta yanke wannan riƙon, har jirgin ya hau saman ruwa ya yi gudun da zai tashi. Glenn Curtiss, maƙerin jiragen sama na Amurka, sai da ya sa ta a 1912 kafin jirginsa ya yarda ya bar ruwa. Bakinta da gefunan ƙasan su kasance masu kaifi. Kafinta yana son ya goge kusurwa ta yi sumul, a nan kuwa sumul ɓarna ce, domin ruwa zai bi lanƙwasar ya hau jiki maimakon ya watse gefe. Sandunan kare feshi da ke gefen hanci su ma ka yi su yadda aka zana, su ne ke hana ruwa isa farfela.

Yanzu ga abin da ya fi kashe jiragen katako: ruwan da ya shiga ya rasa hanyar fita. Duk inda za ka rufe, ba za ka sake ganinsa ba, don haka kafin ka ɗora filawud na ƙarshe, shafe kowane lungu da ifoksi ko banish sau biyu ko uku, musamman bakin katako inda zare ya ƙare, nan ne ke shan ruwa. Sai dai ka zana layin inda gam zai zauna ka bar shi tsirara, gam ba ya kama banish. Kowane ramin noti a shafe cikinsa. A gindin kowane haƙarƙari ka huda ƙaramar hanya don ruwa ya gangara wuri mafi zurfi, a can kuma ka sa magudana mai toshiya. Raba cikin zuwa ɗakuna da ruwa ba ya ratsawa, kowanne da murfin dubawa da hannu da fitila za su shiga, ta yadda in kututture ya huda ɗaya sauran za su riƙe ka. Kira mai dubawa ya gani, ka ɗauki hoto, sannan ka rufe.

Daga waje ana shimfiɗa faibagilas. Bi adadin fallen da zane ya ce, ka tatse rarar ifoksi, don ba ta ƙara ƙarfi sai nauyi. Osprey yana da soso mai tauri da ake sassaƙawa a ƙasansa kafin a lulluɓe. In na yuritan ne kada ka yanka shi da waya mai zafi, hayaƙinsa guba ne.

Fukafukai, ƙarfe da inji

Fukafukan aro na tsohon jirgi sai an tuɓe su an duba ƙashinsu kafin a yarda da su. Yadin da ake rufawa na foliyesta ne, ana ɗame shi da dutsen guga da aka auna zafinsa, a tsarin Poly-Fiber daga digiri 121 zuwa 177. Ramukan tsiyayar ruwa na yadin ka sa masu 'yar rumfa mai kallon baya. Ƙarfen hasumiyar inji da ƙafafu nau'in da ake kira 4130 ne. In waldarka ba ta nuna ba, kai wa gwani, ba abin kunya ba ne. Noti da kusoshi na jirgin sama kawai, wayoyin sarrafawa kuma na ƙarfen da ba ya tsatsa.

Injin Continental ko Lycoming da zanen ya ambata shi ne hanya mafi sauƙi. Babban inji yana zuwa da nauyi a wuri mafi muni, can sama. In farfela na baya, duk abin da ya kwance, ko washa ce ko murfin mai, cikinta zai faɗa, saboda haka a ɗaure komai da wayar tsaro. Sanyaya inji ma matsala ce, domin a kan ruwa yana aiki da ƙarfi alhali iska ba ta ratsa shi sosai. Farfelar katako tana son kariya a bakinta, feshin ruwa yana cinta kamar yashi.

In tanki na ƙasa da inji, famfo biyu za ka sa, na inji da na lantarki. Gwada kwararar mai da hancin jirgi a ɗage kamar yana hawa, da ɗan mai kaɗan a tanki: ya ba da kashi 125 cikin ɗari na abin da inji ke sha a cikakken totur, ko kashi 150 in gangarowa man ke yi da kansa.

Tayoyi su kulle a sama, su kulle a ƙasa, kuma ka iya ganinsu da idonka daga kujera, ko kai tsaye ko ta madubin da ka manna a ɗan kwale-kwalen fiffike. Fitila tana ƙarya, ido ya fi.

Sikeli da gwajin ruwa

Ɗora jirgin kan sikeli uku a daidaice, ka ninka nauyin kowace taya da nisanta daga wurin awo da zane ya nuna, ka tara, ka raba da jimillar nauyi. Abin da ya fito shi ne tsakiyar nauyi. Yi lissafin ga kowane hali: kai kaɗai da ɗan mai, mutum biyu da cikakken tanki. A yawancin waɗannan jirage mutane suna zama gaba da tsakiyar nauyi, don haka matuƙi marar jiki in shi kaɗai ne yakan buƙaci ɗaure wani nauyi a hanci.

Ga dalilin da ya sa nake nanata magudana. Lita 20 ta ruwa kilo 20 ce. In ta taru mita 2.5 a bayan tsakiyar nauyin jirgi mai kilo 680, za ta ja tsakiyar baya da kusan santimita 7, alhali duk iyakar da aka yarda ba ta fi faɗin tafin hannu da yawa ba. Kuma ruwan ba ya zama wuri ɗaya, da ka ɗaga hanci sai ya ƙara gudu baya.

Kai jirgin bakin ruwa, ka ɗaure shi da igiya, ka bar shi ya yi awanni yana yawo. Buɗe kowane murfi ka leƙa da fitila. Inda ƙafafun tayoyi suka ratsa jiki nan aka fi samun yoyo.

Tashin farko

Bayan hukuma ta duba ta ba da takarda, sai lokacin gwaji a yankin da aka keɓe maka. A Amurka an saba da awa 40, ko 25 idan inji da farfela haɗi ne da aka riga aka amince da shi, yanzu kuma akwai zaɓin bin jerin gwaje-gwaje maimakon ƙirga awanni. Tashin farko a dogon titin jirgi za a yi shi, da safe, iska a kwance, tayoyi a ƙasa har a sauko. In ka daɗe ba ka tuƙi ba saboda gini ya cinye ka, ba ƙwararre ya yi. Mai gini yakan yi ƙoƙarin ceton jirginsa a lokacin da ya kamata ya ceci kansa.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne totur. Da yake injin na sama, in ka ƙara wuta hanci ƙasa yake yi, in ka rage sai ya ɗaga, akasin jiragen da aka fi koyo da su. Hau sama sosai ka yi ta gwadawa har hannunka ya riƙa tarar abin kafin ya faru. Inji in ya mutu ana cikin hawa, tura sandar tuƙi gaba nan take.

Kan ruwa

Babu birki. Da inji ya kama ka fara tafiya, kuma iska kullum tana juya hancin ya fuskance ta. Sa rigar ceto wadda sai ka ja igiya take kumbura, domin mai kumbura da kanta za ta manne ka a cikin jirgin da ya kife. Koyi buɗe ƙofa da bel ido a rufe. Dokar teku ta ce jirgin sama da ke kan ruwa ya nisanci sauran jiragen ruwa, kada ya tare musu hanya, wasu tafkunan kuma an hana sauka a cikinsu gaba ɗaya, sai ka bincika.

Fara da tafiyar hankali, sandar tuƙi a jawo baya. Sannan gudu a kan matakala ba tare da tashi ba. Wajen tashi, fuskanci iska, ja sanda baya, ba da wuta a hankali har ƙarshe. Hanci zai ɗaga, jirgin ya yi ta turin ruwa, sannan ya hau sama. Sassauta sanda ka nemi zaman da gudu ke ƙaruwa da kansa. In hanci ya yi ƙasa da yawa ko sama da yawa, jirgin zai fara sukuwa, gaba ya tashi ya faɗi. Riƙe sanda da ɗan ja wuri ɗaya, kada ka bi sukuwar da hannu. In ta kai ta biyu ba ta lafa ba, rage wuta, riƙe sanda baya, ka bar shi ya zauna, ka sake daga farko.

Kafin sauka zagaya wurin daga sama ka nemi kututture, wayoyin lantarki, masu iyo da sawun kwale-kwale. Layukan da iska ke ja a kan ruwa suna tafiya tare da ita, gaɓar da ruwanta ya kwanta kuma daga can take busowa. In farar kumfa ta yawaita a kan igiyoyin ruwa, koma titi, ai dalilin tayoyin ke nan.

Sauka a ruwa da tayoyi a ƙasa shi ne kuskuren da ya fi kifar da irin waɗannan jirage. Tayoyin suna cafkar ruwa, hanci ya nutse, jirgin ya wuntsila cikin ƙiftawar ido. Faɗa da baki, da ƙarfi, sau uku kafin ka taɓa: wannan saukar ruwa ce, tayoyi suna sama. Kowane karo ka waiwaya ka gan su, hagu da dama. In ban da tashin farko, naɗe su bayan kowane tashi daga titi, ko da titin za ka dawo.

Ruwan da ya kwanta lumui babu ko motsi ya fi mai igiya haɗari, domin ido ba ya iya gane nisansa. Kada ka nemi ƙiyasta tsayi. Bi kusa da gaɓa, ka saita hanci ɗan sama, ka bar wuta kaɗan, saukowa kada ta wuce ƙafa 150 a minti, ka jira har ka ji ruwa ya taɓa kafin ka rage totur. Wannan sai da malami a gefe, kuma yana cin wuri mai tsawo.

Bayan kowace rana a ruwa, fito da jirgin tudu, cire toshiyoyi, buɗe murafe ya sha iska. In ruwan gishiri ne, wanke komai da ruwan daɗi a ranar. Cire ciyawar da ta maƙale don kada ka kai ta wani tafki. Ruwa yana wanke giris ɗin tayoyi, sai ka riƙa sabunta shi da irin na jiragen ruwa. A duban shekara-shekara bi gindin bangayen ciki da tsinke mai kaifi kana dannawa, inda ya nutse ko katako ya yi baƙi ruɓa ta fara, a yanke a sa sabo. Toshiyoyin da ka cire kuma ka zuba su a jaka ka rataye a kan sandar tuƙi, inda ba yadda za a yi ka zauna ba ka gan su ba.